“Da Sauƙi” da “Ba Gajiya”: Matsalar Harshe da Adana Bayanai a Binciken Jinya a Jos

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda binciken jinya da ke dogaro da hira yake ɗaukar maganar marasa lafiya da ta ma'aikatan jinya a Jos. Ta nuna cewa amsoshin gaisuwar Hausa suna shiga takardun bincike a matsayin rahoton lafiya, alhali aikinsu daban ne, kuma ɓarnar tana faruwa ne a lokacin da aka juya hira zuwa Ingilishi aka yi watsi da asalinta.

Gabatarwa

Jos ta daɗe da sanin cewa lafiyar nas da ta mara lafiya a tukunya ɗaya suke dahuwa. A 1969 aka kawo Laura Wine, nas da ke aiki a garin Lassa, asibitin mishan da ake kira Jankwano, ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. Lily Pinneo ta kamu, aka kai ta Amurka ta warke, kuma a 1970 cutar ta kashe likita Jeanette Troup. Daga jikin waɗannan ma'aikata duniya ta san zazzaɓin Lassa. A yau garin na da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, da na Jami'ar Bingham, da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ga kwalejin jinya a Vom. A ɗakunansu Berom da Anaguta da Afizere da Ngas da Bahaushe da Bafulatani sukan haɗu a Hausa, fayil kuwa da Ingilishi ake cika shi. Tambayar maƙalar ita ce: me ke zubewa tsakanin bakin mai magana da alƙalamin mai rubutu?

Bitar ayyukan da suka gabata

Murray Last a 1981 da Lewis Wall a 1988, dukansu daga aikinsu a yankin Malumfashi, sun nuna cewa Bahaushe ba ya baje zancen ciwo a gaban kowa, kuma kalmar “lafiya” ta fi ƙarfin jiki kaɗai. Da su babu gardama.

Gardamar tana ga masu auna gajiyar ma'aikata da ma'aunin da Christina Maslach da Susan Jackson suka fitar a Amurka a 1981. Tambayoyi 22 ne, suna auna ƙarewar ƙarfin zuciya, da bushewar tausayi ga wanda ake yi wa hidima, da jin cewa aikin ba ya haifar da komai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa irin wannan gajiya aba ce da wurin aiki ke haifarwa. Ma'aunin yana da amfani, sai dai an gina shi bisa zaton cewa mutum zai faɗa wa baƙo sau nawa yake jin ya gaji da marasa lafiyarsa. Wanda aka rena da cewa ƙorafi kan abin da kake ci da shi butulci ne ga Allah ba zai cika wannan takarda yadda mutumin Kalifoniya zai cika ta ba. Masu hira sukan ɗauka sun tsira daga wannan, tunda su ba akwati suke sa a yi wa alama ba. Maƙalar na ganin su ma ramin bai bar su ba.

Hanyar bincike

An bi hanya biyu: nazarin dokokin da suka shafi sirrin mara lafiya, da ƙwanƙwance kalmomin da ake musaya a bakin gadon asibiti, ta fuskar aikin da kowace ke yi a cikin zance.

Sakamako

Babban abin da aka gano yana cikin gaisuwa. Idan aka ce wa mara lafiya “Yaya jiki?”, amsa ɗaya ce: “Da sauƙi.” Mai masassarar kwana ɗaya zai faɗe ta, mai jinyar da ke riƙe da hannun mahaifinsa a daren ƙarshe ma zai faɗe ta. Fata ce da tawakkali, Musulmi da Kirista duk sun yi tarayya a cikinta. Haka nas da ta kwana a tsaye: “Ina gajiya?” “Ba gajiya.” “Yaya aiki?” “Da godiya.” Duk mai jin Hausa ya san ƙofar zance ake buɗewa. Amma da zarar an fassara, sai takarda ta ce mara lafiya ya samu sauƙi, nas kuma ta gamsu da aikinta. Wanda zai kasa hirarrakin zuwa jigogi, ko da tsarin Braun da Clarke na 2006 ya bi sau da ƙafa, fassarar yake karantawa, sai ya fito da jigon “gamsuwa” daga abin da tun farko sallama ce kawai.

Ainihin bayani yana zuwa ne bayan ƙananan kalmomi: “sai dai”, “amma fa”, “to, a gaskiya”. Yana zuwa kuma idan aka yi tambayar da ba ta da amsar haddace: jiya kin runtsa? Marasa lafiya nawa ne a hannunki daren jiya? Yaushe rabonki da hutu? Wasu kalmomin ma fassara na juya su. “Yana jin jiki” na nufin ciwo ya yi tsanani. “Sai addu'a” daga bakin mai jinya na nufin ya fara fid da rai. “Ciwon sanyi” mayafi ne da mace ke rufe cutar al'aura da shi saboda kunya, “shawara” kuwa a asibiti ciwon da ke sa ido rawaya ne. Tsawon shirun da ke tsakanin “da sauƙi” da “sai dai” shi ma bayani ne, kuma shi ake fara gogewa wajen kwafe hira.

Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne a ƙasar da magatakardan Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ya ce a 2024 nas-nas 42,000 sun fice cikin shekara uku. Binciken da ya ce ba gajiya, ga kuma layin masu neman takardar fita waje, ɗaya daga cikinsu ne bai faɗi gaskiya ba.

Abu na biyu ya shafi ɓoye suna. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sirri, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa lafiya da addini da ƙabila cikin bayanan da ke buƙatar tsaro na musamman. Tun rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 unguwannin Jos suka rabu, har ya zama ambaton Unguwar Rogo ko Jenta ya isa a yi hasashen addinin mai magana. Goge suna a bar unguwa rufe tukunya ne da faifai mai ɓula.

Iyakoki

Za a ce ba a ƙirga sau nawa wannan kuskure ke faruwa ba, kuma Hausar Jos harshe na biyu ne ga da yawa, don haka nauyin kalma zai bambanta daga baki zuwa baki. An yarda. Hakan ƙarin dalili ne na adana asalin magana.

Kammalawa

Muryar da aka naɗa da rubutunta na Hausa su ne bayanan bincike, fassara kuwa inuwarsu ce. A adana su a kulle, a cire unguwa da ƙabila tare da suna, a fitar da jigogi daga Hausar, sannan a fassara abin da za a buga kaɗai. Mai hira kuma ya bari a gama gaisuwa tukuna, domin tambayarsa ta farko tana farawa ne daga inda aka ce “sai dai”.