Daga Minjirya Zuwa Na'ura: Tarihin Tayar da Tsoka da Lantarki

'Yan'uwana ɗalibai, kusan kowannenmu ya san wani wanda ɓarin jikinsa ya shanye, yana tafe yana jan ƙafa. Don haka na ga ya kyautu in ɗan bi tarihin wata hanya da masana suka daɗe suna gyarawa domin irin waɗannan bayin Allah, watau tayar da tsoka da lantarki.

Abin ya samo asali ne daga ruwa. Masuntanmu sun san minjirya, kifin nan mai fizgar wanda ya taɓa shi. Wajen shekara ta 47 Miladiyya wani likitan Rum, Scribonius Largus, ya rubuta cewa ana ɗora wani kifin teku mai irin wannan hali a kan mai ciwon kai don ya sami sauƙi. Amma fa kifi ba ya jin "ƙara" ko "rage".

A 1791 Luigi Galvani na Italiya ya bayyana yadda ƙafar mataccen kwaɗo ke harbawa idan lantarki ya taɓa jijiyarta. A 1800 Volta ya ƙera batir, a 1831 kuma Faraday na Ingila ya gano yadda ake samun lantarki daga maganaɗisu. Daga nan aka sami wutar da za a iya aunawa.

A ganina, wanda ya shigar da abin ɗakin magani sosai shi ne Duchenne, likitan Faransa. A littafinsa na 1855 ya nuna cewa ba sai an soka allura ba: in an ɗora jiƙaƙƙen madanni a kan fata, ana iya motsa tsoka guda a bar sauran.

To, motsi daban, amfani daban. Sai a 1961 Liberson da abokan aikinsa a Amurka suka sa makunni a dunduniyar takalmin masu shanyewar ɓarin jiki. Da zarar dunduniya ta bar ƙasa, wuta ta taɓa jijiyar da ke ƙasan gwiwa, sai ƙafa ta ɗaga, ta daina jan ƙasa.

Babbar matsalar da ta rage ita ce gajiya. Ƙwaƙwalwa takan sa zaruruwan tsoka su yi aiki karɓa-karɓa, amma na'ura takan tayar da zaruruwa guda a kai a kai, sai tsoka ta sare da wuri. Shi ya sa masana suka duƙufa wajen rarraba wutar ta madannai da yawa. A 2023 kuma, masana a Lausanne ta Suwizalan suka haɗa ƙwaƙwalwar wani mutum da lakarsa ta na'ura, har ya tashi ya taka da niyyar kansa.

Darasin da na ɗauka shi ne, kowane ci gaba a wannan fage ya zo ne daga sanin inda za a sa wuta, da yaushe, da kuma gwargwadonta. Saboda haka duk wanda aka kawo wa 'yar na'ura daga kasuwa aka ce tana warkar da shanyewar jiki, ya fara tuntuɓar ma'aikatan sashen gashi a asibiti, musamman mai na'urar bugun zuciya a ƙirji. Wuta tana taimakon tsoka, amma atisaye na yau da gobe shi ne ginshiƙi. Sannu ba ta hana zuwa.