Regis: Makarantar Haziƙai da Aka Gina da Kyautar Ɓoye

A jajibirin Kirsimeti na 1912 wata mata da mijinta ya rasu ta je wurin Fada David Hearn, limamin cocin St. Ignatius Loyola da ke Manhattan a birnin Niyok, ta damƙa masa dala 500,000. Ta ce a gina makarantar sakandare ta 'yan maza mabiya Katolika masu kaifin ƙwaƙwalwa, kuma kada a karɓi ko sisi daga iyayensu. Ta gindaya sharaɗi guda: kada a taɓa faɗin sunanta.

Fada Hearn ya daɗe da wannan buri a ransa. Shi ɗan ƙungiyar Jesuit ne, wadda tun farkonta ba ta karɓar kuɗin karatu. Makarantarsu ta Messina da aka buɗe a Italiya a 1548 kyauta ce. Amma a Amurka babu sarakuna da attajiran da za su ɗauki nauyi kamar a Turai, don haka a 1833 aka ba su izinin karɓar kuɗi. Sakamakon haka 'ya'yan baƙi 'yan Ayalan da Italiya da Jamus, waɗanda suka cika unguwannin Niyok, sai dai su hangi irin waɗannan makarantu daga nesa. Yaro zai fi kowa ƙoƙari a firamaren coci, amma da ya gama sai leburanci.

An buɗe makarantar a watan Satumba na 1914 a kan titi na 84, aka sa mata sunan John Francis Regis, wani waliyyin Jesuit Bafaranshe na ƙarni na 17 da ya yi suna wajen hidimar talakawa. Jarrabawa ce ƙofar shiga. Wanda ya ci kuma bai huta ba, domin Latin da Girkanci na jiransa, ga lissafi da adabi da muhawara. Ƙungiyar muhawara ta makarantar har yau sunan Hearn take ɗauke da shi.

Matar ta ci gaba da biyan komai har ta rasu a 1944, 'ya'yanta suka ɗora daga inda ta tsaya. Ɗalibai sun yi ta yi wa "Mai Kafawa" addu'a ba tare da sun san ko wace ce ba. Sai a 2009 aka bayyana a hukumance cewa Julia Grant ce, matar Hugh Grant wanda ya yi magajin garin Niyok daga 1889 zuwa 1892. Kusan shekara ɗari ke nan hannun hagu bai san abin da na dama ya bayar ba, a garin da masu kuɗi ke rige-rigen a rubuta sunansu a jikin gini.

Daga ƙarshen shekarun 1960 kuɗin iyalin ya daina isa shi kaɗai. A nan ne aka gane ko shukar ta yi saiwa. Tsofaffin ɗalibai suka karɓi nauyin, suna tara gudummawa duk shekara, makarantar ta ci gaba da zama kyauta ga ɗalibanta su kimanin 500. Cikin waɗanda ta yaye akwai Dokta Anthony Fauci, ɗan mai kantin magani da ke shiga jirgin ƙasa kullum daga Brooklyn, ya gama a 1958, da John O'Keefe, ɗan baƙi 'yan Ayalan, wanda ya sami lambar Nobel a fannin likitanci a 2014.

Sai dai nasarar ta zo da tata matsalar. Jikokin baƙin jiya sun yi arziki, sun koma unguwannin masu hali, 'ya'yansu na halartar firamare masu kyau. Sababbin talakawan Katolika na birnin kuwa 'yan Latin Amurka ne da Karibiyan da Afirka da Asiya, kuma da yawa daga cikin yaransu na isa zauren jarrabawa ba su taɓa samun malamin da ya shirya su ba. Jarrabawa ba ta auna basira tsagwaronta, tana auna har da abin da aka riga aka zuba wa yaro. Da an bar abin haka, da kyautar Julia Grant ta koma hannun waɗanda za su iya biya.

Maganin da makarantar ta kawo a 2002 shi ne shirin REACH, wanda Fada Christopher Devron ya fara jagoranta. Maimakon jiran yaro ya kai aji takwas, sai a nemo shi tun yana aji biyar daga gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Shekara uku ana rainonsa: ranakun Asabar yana Regis yana karatun Turanci da lissafi, lokacin dogon hutu kuma ya yi makonni yana kwana a harabar jami'a irin ta Scranton, inda ake haɗa karatu da tarbiyya da koyon shugabanci. Ɗaliban Regis da tsofaffin 'yan shirin su ne ke kula da ƙannen nasu. Iyaye ba sa biyan komai.

Abin da ya fi burgewa a tsarin shi ne Regis ba ta tanadi yaran don kanta kaɗai ba. Wasu suna cin jarrabawarta su shiga, wasu kuma su sami tallafin karatu a wasu makarantun Katolika kamar Xavier da Fordham Prep. Ba a sassauta ma'aunin shiga ba ko kaɗan. Yaran aka ɗaga har suka kai shi, wanda ya fi wuya kuma ya fi tsada.

Har yanzu 'yan maza Katolika kawai ake ɗauka, kuma masu cewa ƙannensu mata ma sun cancanci irin wannan dama suna da gaskiya. A 2022 aka naɗa Fada Devron, wanda ya kafa REACH, shugaban makarantar baki ɗaya.