Alhaji Umaru na Karachi: Baƙon da ya zama ɗan gari

  

Mu Adarawa tafiya gadonmu ce. Da an gama girbi samari sun kama hanyar Abijan da Kumasi da Ikko. Cikinsu akwai masu ɗauke da allo da littattafai, su je su kafa makaranta a zango. Saboda su ne zan kawo tarihin wani malami da ya riga su bin wagga hanya.

Sunansa Umaru ɗan Abubakar, an haife shi a Kano wajen 1858, asalin gidansu Kabawa ne. Mahaifinsa farke ne mai bin hanyar Gwanja, inda ayari ke kai kanwa da tufafi ya komo da goro. Ta haka Umaru ya san Salaga, babbar kasuwar goro, wadda yau take cikin ƙasar Gana. Bayan ya ƙoshi da karatu a ƙasar Hausa, sai ya koma can ya shimfiɗa buzunsa.

A 1892 yaƙi ya tashi tsakanin ƴaƴan sarautar Gwanja. Salaga ta watse, fatake suka bazu, kowa ya nemi inda zai sa kansa. Nan ne wurin lura, jama'a. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, rana na fitowa ya bushe. Da Malam Umaru ya ɗauki kansa raɓa, ga hanyar Kano buɗe. Sai ya zauna cikin ƙasar, ya bi waɗanda suka gangara Karachi, bakin kogin Volta, ya sake kafa makaranta, har ya zama limamin garin.

Ku dubi abin da alƙalaminsa ya shagala da shi. Ya yi waƙa da Larabci bisa rushewar Salaga, irin ta wanda aka rushe wa gidan ubansa. Ya yi waƙa bisa zuwan Nasara. Ya yi ta talauci da wadata da Hausa. Da annobar mura ta 1918 ta faɗa wa mutane, ita ma ya rubuta ta. Duk abin da ya ci wa mutanen wurin tuwo a ƙwarya, shi ma ya ci masa. Har Bajamushen da ke mulki a Karachi, Mischlich, ya zauna gabansa yana neman sanin Hausa da tarihin ƙasashenmu, malam ya rubuta masa. Ya tafi hajji, ya komo Karachi. Jamus ta fita, Ingila ta shiga, shi yana nan bisa buzunsa, har Allah Ya karɓi ransa a 1934. Fiye da shekara 40 ke nan a baƙuwar ƙasa, almajiransa kuwa suka watsu cikin zangunan Gana suna karantarwa.

Wanga hali yana da asali. Sa'ad da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya aiki Mus'abu ɗan Umairu Madina ya karantar da Alƙur'ani, gidan ɗan gari ya sauka, As'adu ɗan Zurara. Shi ke shiga da shi unguwa unguwa da gonakin dabino, har Usaidu ɗan Hulairu da Sa'adu ɗan Mu'azu suka musulunta, dangi suka bi su. Zaidu ɗan Sabitu kuwa umurtarsa aka yi ya koyi rubutun Yahudawa, ya koya. Ashe sanin harshen mutane da shiga lamarinsu yana cikin kayan aikin mai karantarwa, kamar tawada da alƙalami.

Zan faɗi laifin kaina don wani ya tsira. Da ƙuruciya na yi shekara shida ina karantarwa a wani zango can kurmi. Daga masallaci sai ɗaki, daga ɗaki sai wurin ƴan garinmu, zancenmu damina da kuɗin gero. Wata rana wani tsoho ɗan ƙasar, sabon shiga Musulunci, ya zo da tambaya bisa wankan gawar matarsa. Ban ji harshensa ba, bai ji nawa ba. Muka nemi tafinta muka rasa, ya juya ya tafi. Har yau in na tuna bayansa yana tafiya sai jikina ya mutu, ina tsoron ranar da za a tambaye ni shi.

Saboda haka, ɗana, kai da ke shirin tafiya bayan salla: ka koyi gaisuwarsu tun makon farko, sannan ka bi da sauran harshen. Ka gaida sarkin garin da dattawansa. Ka je suna, ka je ta'aziyya, ka duba mara lafiya ko ba Bahaushe ba ne. Abincinsu in halal ne ka ci, kada ka yamutsa fuska. Al'adar da ba ta saɓa wa shari'a ba ka bar musu abarsu. Wadda ta saɓa, ka gyara da sannu, bayan sun san ka, sun yarda da kai. Addininka kuwa ka riƙe shi da kyau, kada son shiga mutane ya sa ka saki igiyarsa. Kada kuma ka manta da iyayen da ka baro a Adar.

Allah Ya jiƙan Alhaji Umaru da malamanmu baki ɗaya. Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya sa su zama alheri inda suka sauka.