Tarihin Lambar Da Ta Fi Ƙarfin Mudun Kwamfuta

Ka taɓa cike fom a intanet, ka sa lambar wayarka daidai, daga baya ka ga ta koma 2147483647? Ba aljanu ba ne, tsohuwar matsala ce mai tarihi.

Kwamfuta tana ajiye lamba ne kamar yadda ake awon dawa a kasuwar Gwarzo, kowane mudu da iyakarsa. Mudun da aka fi amfani da shi, mai bit 32, yana cika ne a 2,147,483,647. Idan aka ƙara ko ɗaya a kai, ko dai manhaja ta tsaya, ko ta maƙale a wannan lambar, ko lissafi ya juye ya koma ƙasa da sifili.

Ranar 4 ga Yuni, 1996, Turai ta harba rokar Ariane 5 a karon farko. Ba ta cika daƙiƙa 40 a sama ba ta tarwatse. Da aka bincika, ashe manhajar Ariane 4 aka ɗora mata, alhali sabuwar ta fi gudu. Lambar gudun ta fi ƙarfin mudu mai bit 16, wanda iyakarsa 32,767, kuma ba a sa abin da zai tantance ta a wannan wurin ba.

A Disamba 2014 kuma, YouTube ya sanar cewa ya mayar da ma'aunin masu kallo zuwa bit 64, saboda waƙar Gangnam Style ta haura waccan iyaka ta biliyan 2. Shi ma Django, wanda ake gina shafukan intanet da shi, tun fitowar 3.2 a 2021 yake ba sabbin ayyuka babban mudu wajen lambar jeri.

To ina ruwanka, kai da ke Kabo? Lambar wayarka, NIN da BVN duk alƙaluma 11 ne. Ko an cire sifilin farko, lambar da ta fara da 0803 ta wuce biliyan 8. Kuɗi ma haka: idan manhaja tana lissafi da kwabo a ƙaramin mudu, da ta kai naira miliyan 21 da dubu 474 da ɗoriya ta cika. Ka ga dillalin hatsi zai iya kai wannan a kaka ɗaya.

Saboda haka, in kana koyon haɗa manhaja, ajiye lambar waya da ta asusu a matsayin rubutu, tunda ba tara su za ka yi ba. Kuɗi kuwa ka ba su mudu mai bit 64. Sannan ka sa fom ya tantance iyaka tun kafin lamba ta shiga rumbun bayanai, ya gaya wa mutum a fili cewa ta yi yawa.

In kuma mai cike fom ne kai, duba abin da ya fito a rasit kafin ka tashi.

Sauran rina a kaba: ranar 19 ga Janairu, 2038, agogon tsofaffin na'urori masu ƙirga daƙiƙa da bit 32 tun daga 1970 zai cika shi ma.