Wa Ya Rubuta Wa Kyauta Rayuwarsa?

Kullum ana yi mana gori, wai mu marubutan Kano ba mu iya komai ba sai soyayya. To a koma 1933, lokacin da Rupert East ya shirya gasar rubutu daga Zariya. Littattafai biyar suka fito a wancan zubin, har da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, wanda mu mutanen Madadi muke tutiya da shi.

Ni dai Jiki Magayi ya fi tsaya mini a rai, kuma soyayya ce tushensa. Malam Shaihu ya sa dukiya ya raba Abubakar da Zainab, Abubakar ya bazama neman asirin ramuwa. A kan wa abin ya faɗa? A kan Kyauta, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya tashi ɓarawo, har ya kashe mahaifinsa bai sani ba. Shi ya zaɓi haka, ko manya suka zaɓa masa?

Tafawa Ɓalewa ya tausaya wa nasa yaron. An sace Umar, amma Abdulkarim ya riƙe shi a Masar har ya zama Shaihu. John Tafida da East kuwa ba su bar wa Kyauta irin wannan madafa ba.