Shin ya dace a wanke tsofaffin sulalla?

Amsar a taƙaice: a'a, a bar su yadda aka same su. Ni sai da na yi ɓarna kafin na san haka.

Bayan rasuwar kakanmu a Agege, an buɗe akwatinsa aka sami wani gwangwani cike da kuɗin da: anini da kwabo masu huji, taro, sisi, da sulalla masu hoton bishiyar kwakwar manja. Duk sun yi duhu. Na ɗebi rabi na jiƙa a ruwan lemun tsami, na dirje da toka da soson ƙarfe har suna walƙiya. Da na kai wa wani mai sayen kayan tarihi, ya sa gilashinsa ya duba, ya ture masu ƙyallin gefe, ya taya baƙaƙen kawai.

Dalili shi ne, wannan duhun ba dauɗa ba ce. Ƙarfen ne da kansa ya sauya launi saboda iska da shekaru, kuma masu tarawa da shi suke gane cewa ba a taɓa kuɗin ba. Mu 'ya'yan kara mun san haƙori ake dubawa a san shekarun sa. To kamar ka goge haƙoran ne, dillali zai ce me kake ɓoyewa? Tsami yana cinye fatar ƙarfen, toka tana barin ƙananan zane da ido ba ya gani amma gilashi yana gani. Abin da ya tafi kuma ba ya dawowa.

Akwai kuma ƙananan alamu da darajar ke rataye a kansu. Kuɗin Afirka ta Yamma na zamanin Turawa, da yawansu na ɗauke da ɗan harafi H ko KN, alamar masana'antar da ta buga su a Birmingham ta Ingila. Shekara da harafin nan su ke raba na banza da mai tsada. Aninin farko na 1907 ma da sanholo aka yi shi, ƙarfe mai laushi da ba ya jure dirza ko kaɗan. Haka kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na takwas, wanda ya sauka daga mulki a shekarar. Amma fa kada a ruɗe ku: yawancinsu an buga su da ɗimbin yawa, ba su sayen ko ɗan maraƙi.

Wuri biyu ne ake ɗan sassauci. Idan laka ce ta manne, a jiƙa a tataccen ruwa irin na kemis, a ɗora a kan tsumma mai laushi ya bushe, ban da gogawa. Idan kuwa kore ne mai gari-gari ya fito a jikin na tagulla, wannan ciwo ne mai cin ƙarfe. A ware shi daga sauran, a nemi wanda ya san aikin.

A nan Kudu babban abokin gaba danshi ne, musamman Legas da Fatakwal. Kada a ƙulle su a leda mai laushi, tana sa su yin kore mai danƙo. Kowanne a sa shi a 'yar takardarsa daban, a busasshen wuri, kuma in za a ɗauka a riƙe ta gefe, don gumin yatsa ma yana barin tabo.