Daga Yamai zuwa Jidda: kilomita nawa ne?

Kai mai karatu, in ka taɓa raka maniyyaci tashar mota a Belbeji ko Tanut, ka san yamma yake fara yi, alhali kuwa Makka tana gabas. In daga Yamai zai tashi, sai ya sauka Damagaram tukuna, sannan ya yi kusan kilomita 900 cikin mota.

To, daga filin jirgin Yamai zuwa na Jidda akwai kamar kilomita 4,000. Daga Kano kuwa kamar 3,400 ne. Wannan awon miƙe yake, babu kwana, babu kewaya dutse ko kogi. Ga abin dariya: in ka ja zare a taswira daga Yamai zuwa Jidda, zaren zai ratsa arewacin Tanut kaɗan. Wato alhajinmu ya sha wahalar mota, ga shi kuma ya komo ta saman gonarsa. Jirgi yakan cinye wannan nisa cikin awa biyar zuwa shida.

Kakanninmu ba haka suka yi ba. Da ƙafa suka tafi, wasu da jaki ko raƙumi. Sukan bi ta Barno, su shiga Wadai, su ratsa Darfur, su kai kogin Nilu, sannan Sawakin a bakin Bahar Maliya. Daga can sai jirgin ruwa zuwa Jidda.

Yi lissafi da kanka. Mai tafiyar kilomita 30 kullum, ba hutu, sai ya wuce wata huɗu kafin ya cika 4,000. Amma hanyar ƙasa ba ta miƙe ba, guzuri kuma ƙarewa yake. Sai mutum ya tsaya ya yi noma ko ƙodago, ya tara kuɗi, ya ƙara gaba. Shi ya sa hajji ke cin shekaru. Wani ya bar gida saurayi, ya komo da furfura. Wani bai komo ba sam. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a Sudan a 1925, Hausawa da yawa suka sami aiki can, suka yi aure, suka zauna. Jikokinsu suna can har yau. Akwai ma garin Maiwurno a bakin Nilu, mai sunan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya yi gabas da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903.

A shekarar 1925 ɗin nan ne jirgin sama ya fara sauka Kano. Jirage uku ne na sojan Ingila, sun taso daga Masar ta Hartum. Su ma zango-zango suka yi, don man da suke ɗauka ba ya kai su nesa. Kusan hanyar alhazai suka biyo, sai dai su yamma suka nufo.